Mataji Bakwai

Mataji bakwai na karya kafin in cika shekara goma.
Mama ce ke ƙirgawa.
Na bakwai ja ne, fam biyu a kasuwar Leicester,
haƙoransa suka warwatsu a kan kafet
kamar shinkafar da ta kuɓuce wa faifai.

Na Safiya da na Rumaisa ruwa ne,
a sake shi ya gangara har gadon baya,
kitso ba ya kwana uku a kansu don sulɓi.
Na Baba, kafin sanƙo ya yi masa sata,
kwance yake luf a hoton aure.
Nawa kuwa a tsaye aka haife shi.
Ya cure, ya dunƙule,
ya sha man kaɗe rabin kwalba
ya wayi gari da ƙishirwa.

Asabar ranar kuka ce.
Ina tsakanin gwiwoyin Mama, kusa da hita,
ruwan sama na ƙwanƙwasa taga,
tana tsaga, ina zillewa.
"Wai ke wa kika ɗauko?"
Ba faɗa ba ne, so take ta sani.
Safiya ta leƙo daga bene:
"Tsintar ta aka yi a kujerar bas."
Aka yi dariya, har da ni.
Da dare na hau kan bokiti a banɗaki,
na nemi hancin Baba a madubi,
sai da na gan shi na iya barci.

Ina sha uku na sayi man miƙarwa da kuɗin Sallah.
Ya ƙona min ƙeya, tabon na nan.
Wata biyu ina kaɗa kai kamar su,
sannan saiwa ta tsiro da halinta.

Bikin Safiya ne ya kawo Gwaggo Hajjo daga Funtuwa,
da rigar sanyi biyu a tsakiyar Yuli.
Ta same ni a kicin ba ɗankwali.
Ta ajiye kofin shayi,
ta nutsa yatsunta har fatar kaina,
ta daɗe ba ta ce komai ba.
Sai ta yi salati. Ta ce, "Tabawa."

Kakar Babanku, in ji ta.
Daga kan duwatsu aka zo da ita tana yarinya,
ba ta jin ko "zo" da Hausa.
Tabawan ma laƙaba mata aka yi,
nata sunan ya faɗi a hanya.
Ba ta da hoto. Ba a sa wa kowa sunanta ba.
"Ni nake mata tsifa ina ƙarama,
a ciki take ɓoye kwabo, ta ce in na samu nawa ne."

Baba na bakin ƙofa.
Ya sunkuyar da kai kan wayarsa
wadda ba ta yi ƙara ba.

Ashe ba ta tafi hannu rabbana ba.
An karɓe mata yare, an karɓe gari,
wannan ne ba su san inda ta sa ba.
Ya laɓe a jinin ɗanta, ya yi shiru a jikanta,
ya hau jirgi ba fasfo,
ya sauka a kaina a asibitin Turawa.

Gwaggo ta ce a kawo ruwan ɗumi.
"Ba a taɓa shi a bushe,
ba a kuma yi masa gaggawa."
Da yatsa ta bi shi, sili-sili,
har aka kira Magariba a wayar Mama.
Ban yi kuka ba.

Yanzu makitsiyata 'yar Gambiya ce, a titin Narborough.
Fam goma take ƙara min, wai don cika.
Ina biya.
In ta juya ɗauko zare
nakan sa hannu can ciki, wajen ƙeya,
ko zan ji kwabon.